Tayar Baya ta Keken Yaya Abdu

Ina zaune a rumfata da tsinken ƙafar keke uku a baki, wayata ta yi ƙara cikin aljihu. Hannuwana duk baƙin mai ne, don haka Hamza mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da rumfata tun shekaru, shi ya zaro ta ya kara mini a kunne. Rabi ce, matar yayana. Ta ce Yaya Abdu ya cika da hantsin nan a asibiti. Na yi ƙoƙarin yin salati da tsinkayen a baki, sai da Hamza ya sa hannu ya cire mini su. Akwai tsinke ɗaya da na riga na soma ɗaurewa. Na ƙarasa shi, na jingine ƙafar keken a bango, na wanke hannu da rairayi da sabulu, na tafi.

Ƙafar keken nan tasa ce, ta baya.

Ku samarin da kuke wucewa ta gabana bisa moto, kuna cewa gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne da famfo, ku nake so ku karanta wannan. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma na yi shekara arba'in da wani abu ina gyaran keke a Magariya, kuma aiki ɗaya ne ya gagare ni. Zan faɗa muku yadda aka yi.

Na koyi aiki wajen Malam Ɗan Jimma, Allah ya jiƙansa, a bakin tasha. Shekara biyu na yi bai bar ni na taɓa sifana ba. Aikina famfo ne da kwanon ruwa: in hura robar ciki, in nutsa ta a ruwa, in nemi inda take kumfa. Kayan aikinsa ba su cika buhu ɗaya ba, guduma, magagari, awartaki, sifana guda shida, amma abin da ya fi ji da shi karan gero ne siriri, kaurin ɗan yatsa ƙarami, wanda yake saƙalewa a bayan kunne. Duk tayar da ya ɗaura sai ya zura karan nan tsakaninta da kadir, wato ƙarfen jikin keke. Wuri uku yake dubawa: tsakanin ƙarafan gaba, ƙarƙashin birki, da can ƙasa bayan feda inda ƙarafa biyu suke haɗuwa. In kara ya wuce, taya ta zauna. In bai wuce ba, a cire. Ya ce taya tana buƙatar wurin numfashi, don sabuwar taya tana ƙara kumbura bayan kwana biyu, ƙafar keke tana ɗan karkacewa in ta sha rami, kuma rairayi da laka su ma sai an bar musu hanya. Lambar da aka rubuta a jikin taya kuwa bai yarda da ita ba ko kaɗan.

Wannan ya koya mini da baki. Akwai wani abu da na ɗauka daga gare shi ba tare da ya faɗa ba. Ban taɓa jin ya ce wa mai keke ba zai yiwu ba. Ko an kawo masa keken da mota ta bi ta kai, abin da zai ce shi ne a bar shi a gani. Haka duk masu sana'a suke a nan. A gidanmu kuma an raine mu a kan cewa ƙane ba ya ce wa wansa a'a. Ku riƙe waɗannan biyun, su ne suka ci mini shekara biyar.

Yaya Abdu ya girme ni da shekara takwas. Direktan lakwal ne, ya zaga ƙauyukan Waca da Dungas yana koyarwa har ya gama aikin gwamnati ya dawo Magariya. A lokacin ne aka gano yana da ciwon suga, likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Ya je Damagaram ganin likitan, ya dawo da keke ɗaure a saman mota.

Ban taɓa riƙe irinsa ba. Keken tsere ne na gwanjo, daga ƙasar Turai. Da yatsa biyu kana ɗaga shi. Babu kariya, babu ƙararrawa, babu wurin ɗaura ko damin rama. Sirdinsa kamar bakin gatari. Kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago, don haka kafin sati ya zagayo duk gari Rago ake kiransa. Wanda ya hau sai ya duƙa kamar mai ruku'u, ga kuma Yaya da babbar riga da hula. Tayar ba ta fi babban yatsana kauri ba, bakin iskarta kuma siriri, babu famfo ɗaya a Magariya da ya kama shi. Yini guda na yi ina haɗa masa baki da bututun alƙalami kafin mu samu mu hura.

A kan kwalta kam, ban ga abin da ya kai shi ba. Yaya yana zuwa Bande ya dawo kafin shayin Hamza na biyu ya nuna. Amma ƙauyenmu ba a bakin kwalta yake ba. In ka wuce Bande ka sauka gabas, akwai jigawa mai rairayi wadda ko jaki sai ya yi tunani kafin ya shiga, sannan ka iske garin.

Ranar sunan jikan Ilu ne ya fara gwada ta. Ilu ɗan kawunmu ne, taubashinmu, kuma tun suna yara shi da Yaya ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Yaya ya sauka daga kwalta, tayar ta nutse kamar an soka wuƙa a tuwo. Ya tura, ta ƙi. Sai ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa jigawar da ƙafa, ya shigo gari ana tsakiyar rabon goro, gumi ya jiƙa masa riga. Ilu ya miƙe ya tarbe shi, amma keken ya gaisar. Ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi gajiya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka kwantar da keken a kai, aka ajiye masa goro biyu da kwanon ruwa. Sannan ya juya ya ce wa Yaya:

"Sannu da ɗawainiya, Direkta. Kai ka ɗan tsaya daga can, in baƙon ya huta sai a sallame ka."

Mutane sun yi dariya har liman. Yaya bai yi ba. Ya jira aka yi shiru, ya ce a gaban kowa, in Allah ya ba shi rai zai shigo garin nan bisa keken nan, daga bakin kwalta har ƙofar gidan mahaifinmu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ilu ya ce tabarmar tana nan tana jira.

Washegari da safe ya jingine Rago a rumfata ya ce in sa masa taya mai faɗi, irin wadda ke hawa rairayi. Na zaro kara daga bayan kunne na zura a bayan feda. Da siririyar tayar da ke jiki ma da ƙyar ya wuce. A nan take na san amsar. Na ce, "Bar shi mu gani, Yaya."

Tayar farko ta keken dakon ruwa ce, irin baƙin keken nan mai nauyi. Na saka ta babu iska, ta shiga. Na hura, ta cika wurin tam, ta kama kadir hagu da dama. Ba ta juyawa, ba ta kuma fita. Yaya ya zaga keken sau biyu hannuwansa a baya, kamar mai duba aji, ya ce ai an samu ci gaba, tunda ta shiga. Juyawa mataki na biyu ne. Na ce haka ne. Na sace iskar bayan ya tafi.

Ta biyu daga kasuwar Maigatari aka kawo mana, ta ɗan fi ta farko sirantaka amma tana da haƙora a gefe. Yaya ya ce haƙoran ne ke tarewa, a aske su. Na ce ba ni da wuƙar da za ta yi wannan aiki da kyau, ina nufin a bar maganar. Shi kuwa ya ɗauki tayar ya kai wa wanzami. Wanzamin bai tambayi komai ba, shi ma mai sana'a ne. Ya ɗora ta a gwiwa, ya jiƙa ta da ruwa yadda ya saba, ya wasa aska, ya bi ta haƙori bayan haƙori har ta yi sumul, ya kuma yi wa Yaya barka da aski. Ta juya kam, tana gogar kadir tana kuka kamar ɗan tsako. Kwana uku ta yi. Rana ta huɗu ta fashe a gaban masu sayar da kaji, kaji suka watse, wata tsohuwa ta zauna cikin kwandon ƙwai. Ni aka zo aka yi wa faɗa.

Daga nan Yaya ya ce tunda guga ce matsalar, a shafa mai. Ya zo da kwalbar man gyaɗa daga ɗakin Rabi, ya shafe gefen taya ta uku da hannunsa. Ku da kuke ganin aikin nan wasa ne, ku sani mai da birki ba sa zama wuri ɗaya, mai da rairayi kuma in sun haɗu magagari suke zama. Na san wannan sarai. Na riƙe masa keken yana shafawa. A ranar ya wuce ƙofar gidansa sau biyu bai iya tsayawa ba, a na uku ya tsaya cikin danga. Awakin unguwa suka yi sati suna bin keken suna lasa, fentin ƙarfen kuma ya tafi har fari ya fito.

Sau ɗaya na kusa buɗe baki, ranar da ya ce mu kai wa maƙeri ya buɗa ƙarafan baya da guduma. In kadir na baƙin ƙarfe ne, ana iya ɗan lotsa shi a samu wuri. Na Rago ba baƙin ƙarfe ba ne, in an buge shi tsagewa yake yi. Muka je. Maƙerin ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kara kunne, ya ce wannan ai ƙarfen tukunya ne. Ya ce buɗawa dai a bar shi a gani, amma in Direkta yana so, yau ɗin nan zai fitar masa da ludayi huɗu da murfi. Yaya ya ɗauke kekensa bai yi sallama ba. Na gode wa Allah a zuciyata, don an faɗa ba da bakina ba.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Kayan keke duk daga kudu suke zuwa mana, sai suka yanke. Babu robar ciki, babu gam, babu tsinke. Na yi faci a kan faci har roba ta fi taya nauyi. Na ɗinke taya da zaren buhu. Akwai wani mai kai madara da na cusa wa tsumma da ciyawa a taya, ya tafi yana tsalle kamar bisa raƙumi. Dama moto ta riga ta kwashe rabin masu keke, sauran kuma suka rataye nasu a zaure. Abokan sana'ata uku suka tashi, ɗaya ya koma kabu-kabu, biyu suka koma gona. Wani yinin babu wanda zai tsaya ko don iska.

Rago kaɗai ne bai yi fashi ba. Kullum da hantsi Yaya zai iso, ya kifa shi ƙafafu sama a gaban rumfa, ya zauna a benci, ya zaro regil ɗinsa na lakwal, katakon awo, ya ɗora a cinya. Ni kuma in cire ƙafa, in mayar, in sake cirewa. Mai wucewa in ya ga keke a kife da mutum a zaune, sai ya ɗauka rumfar tana da aiki, wani har ya tsaya. Haka na fita shekarar ban tashi ba. Duk sallah kuma Yaya zai je ƙauye, ya saɓa Rago a kafaɗa ya ratsa jigawa, Ilu ya shimfiɗa tabarma. Yaran garin da aka haifa a lokacin sun taso suna zaton haka ake amfani da keke.

A shekara ta biyar jikinsa ya soma sauka. Rigunansa suka yi masa yawa. Ya daina zuwa Bande, sai zagayen gari, daga baya sai turo keken yake yi. Wata safiya ya zo da sabuwar taya a wuya kamar carbi, wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa daga Kano. Ya miƙo mini. Na karɓa, na juya ta, na duba lambar da ban yarda da ita ba. Ban ɗaga kai ba na ce:

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba za ta shiga ba. Babu wadda za ta shiga. Tun ranar farko na sani."

Hamza ya tsaya da buta a sama. Yaya ya ɗaga regil ɗin nan ya nuna mini shi.

"Lawali, shekara talatin ina koyar da lissafi. Ka zaci wannan na korar ƙuda ne? Tun kafin in kawo maka keken na auna."

Na ce to me ya hana shi faɗa. Ya ce ni ne mai sana'a. Ba zai zo rumfata, a gaban mutane, ya nuna wa ƙanensa aikinsa ba. Jira yake in faɗa. Na ce ni kuma ba zan iya ce masa a'a ba. Ya ce ya lura. Hamza ya ajiye butar, ya zauna a ƙasa, ya yi dariya har hawaye, yana ambaton wanzami da man gyaɗa. Mu biyu ba mu yi ba. Yaya ya ce to yanzu an faɗa, sai a yi tunanin abin yi, don shi bai janye maganarsa da Ilu ba.

Abin da zan faɗa yanzu shi ne aikin, ku saurara. Shekara biyar ina kallon taya, ina neman yadda zan matsa ta. Ranar ce na fara kallon kadir. Ƙarafan baya biyun nan kamar almakashi suke: can kusa da feda sun matse, suna yin baya suna buɗewa. Babbar ƙafa tana kai taya har cikin matsin. In ƙafar ta ragu, taya za ta tsaya inda wurin yake da faɗi. Na ɗaga kai. A saman rumfata, daidai kan bencin da Yaya ke zama, akwai janti biyu ƙanana, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, na wani keken da aka yasar tun kafin a kawo Rago. Na sauko da ɗaya, na sa masa taya mai kaurin hannun jariri, na riƙe shi a wurin da hannu. Na zura kara. Ya wuce hagu, ya wuce dama, ya wuce sama, har da saura.

Yaya ya dubi jantin, ya dubi inda yake rataye, ya ce ashe shekara biyar yana zaune a ƙarƙashinsa.

Ba a nan aikin ya ƙare ba, nan ya fara. Dole a kwance ƙafar Rago gaba ɗaya, a ɗauki cibiyarta a ɗinke ta da ƙaramin janti. Tsinkayen sun yi tsawo, kuma babu gajeru a kasuwa. Sai na auna kowane ɗaya, in yanke ta wajen kai, in lanƙwasa bakin da awartaki yadda zai kama rami. Talatin da shida ne a kowace ƙafa. In ka ɗaure ɗaya ya fi ɗan'uwansa, ƙafa ta karkace, wurin da ka samu ya tafi. Birki ma ba zai kai ba, tunda janti ya yi ƙasa, sai maƙeri ya yi masa ƙari. Feda kuma za ta matso ƙasa, mai hawa ya kula a kwana. Kwana tara na yi a kan ƙafar gaba kaɗai.

Ranar da na ɗaura ta, a bayan kabu-kabu aka kawo Yaya, don ƙafarsa ta kumbura. Rago yana tsaye, gaba gajere mai kauri, baya dogo siriri, ya sunkuya kamar raƙumin da zai durƙusa. Yaya bai hau ba. Ya ce in ɗaga gaban, ya juya ƙafar da hannunsa, ya kasa kunne. Babu guga, babu kuka. Ya karɓi karan daga bayan kunnena ya zura da kansa, wuri uku, yadda ya ga ina yi. Ya mayar mini da shi ya ce saura ta baya, kuma kada in bari Ilu ya ji. Bayan kwana biyu aka kwantar da shi a asibiti.

Ya bar wasiyya a kai shi kusa da mahaifinmu. Bayan an yi masa sutura muka samu motar ɗaukar kaya, muka kama hanyar Bande da azahar. Muka sauka daga kwalta. Ba mu yi nisa cikin jigawar ba motar ta nutse. Direban, wanda baƙo ne bai san labarin ba, ya sauko ya karyi tsinke, ya bi tayoyin huɗu yana rage musu iska. Ya ce mana in taya ta baje ta yi faɗi, ta fi hawa rairayi. Siririyar taya ba ta wurin nan ba ce. Mu goma sha wani abu ne a tsaye, kowa ya san Rago. Muka dubi juna. Motar ta ɗan matsa, ta sake nutsewa har ciki.

Mutanen gari suka hango mu suka taho da makara, Ilu a gaba. Muka ɗauki Yaya a kafaɗa muka ratsa jigawar, ana karɓa ana canji. Ilu bai yarda an karɓe shi ba, duk da tsufansa. Ni ina bayansa. Da muka iso ƙofar gidan mahaifinmu, kafin a sauke, na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, kansa jingine da makarar.

"To, Direkta. Daga bakin kwalta har ƙofar gida, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Na gani."

Ya gyara kafaɗa.

"Amma bisa keke muka yi da kai."

Aka sauke makarar.

Ranar addu'ar uku, da zan taho, Ilu ya rako ni har bakin jigawa. A hanya na faɗa masa maganar ƙaramin janti, tunda wanda ya hana ni faɗa ba ya nan. Ya tambaya ko da gaske zai hau rairayin. Na ce ban sani ba, ba a gwada ba. Kara dai ya wuce. Ya ce tabarmar tana ɗakinsa, bai ba kowa ba, in na gama in kawo. Rabi ma ta ce keken ya zauna wurina, 'ya'yansa babu mai so.

Yana nan a rumfa, a kife. Masu wucewa suna ganinsa suna zaton ina da aiki. Ƙafar baya tana jingine inda na bar ta. Tsinke goma sha tara na saka, saura goma sha bakwai, uku daga ciki suna kan teburin Hamza ban karɓa ba. Birkin baya ma ban kai wa maƙeri ba tukuna.